Kwana Ta Arba'in Da Bakwai

Sha ɗayan dare a Abancay.
Ofis ya watse, saura ni da kukan fankar kwamfuta
da kofin shayin da ya huce tun magariba.

Ga hanya a fuskar allo, siririya kamar zaren da kaza ta ja,
ta taso daga gindin kwari tana neman kan tsauni.
Taswira ba ta san kwalta ba, ɗigo ta sani,
ɗigo bayan ɗigo, dubu tara da 'yan kai.

Na rubuta wa na'ura umarni, layi sittin:
ɗauki ɗigo uku a jere,
ki ɗaura musu da'ira,
ki auna daga cibiya zuwa baki, ki gaya mini mita nawa.
Matsa gaba. Sake.
Sau biyu ta yi mini gardama a kan waƙafi guda.
Sau ɗaya ta raba lamba da sifili, ta sume,
don inda hanya ta miƙe sak
ɗigo uku ba sa haihuwar da'ira.

Kafin asuba ta ba ni kwana ɗari da sha takwas.
Matsattsu na shafa musu ja,
masu faɗi na bar su kore shar.
Na buga a takarda, na naɗe, na tafi gida ina jin kaina.

Babana Saturnino, shekara talatin da ɗaya yana jan motar dankali,
yanzu yana ta rufe masa ido ɗaya.
Ya kai takardar bakin taga,
ya bi hanyar da farcen babban yatsa,
kafaɗarsa tana karkata kamar sitiyari na hannunsa.

Ya ce, Yovana, wannan jan da kika tara
bai taɓa cin kowa ba.
Kwana ce mai baki, tun daga nesa take ihu,
kowa ya sauke giya, kowa ya tuna da Ubangiji.

Sai farcen ya tsaya a kan kore.
Ta arba'in da bakwai, mita ɗari biyu da goma,
wadda lissafina ya ce lafiya lau.
Ya ce, kin taɓa ƙirga gicciyen da ke nan?
Shida ne, da furannin roba da rana ta cinye launinsu.
Gangara ce doguwa kafin ita, miƙaƙƙiya,
birki ya yi zafi, ƙafa ta saki jiki,
hasken yamma ya zuba a gilashi.
Kwana ce mai ladabi, har gaishe ka take yi.
Na ukun daga hagu Eleuterio ne, yaron motata,
ranar farko da aka ba shi tuƙi shi kaɗai.
A wannan kwana kwanansa ya ƙare.

Ban ci abincin safe ba.

Na koma na ƙara layi goma sha ɗaya:
kada ki auna kwana ita kaɗai,
tambayi abin da ya gabace ta,
tsawon miƙewar, zurfin gangarar,
yadda hanya ta lallaɓa mutum kafin ta juya.
Na danna. Ta yi shiru na daƙiƙa huɗu.
Arba'in da bakwai ta rine, ja wur,
da wasu biyar da ban taɓa zargi ba.

Injiniya Marleni ta duba, ta cije biro,
ta ce kuɗin bana na allon gargaɗi ne kawai,
shingen ƙarfe sai baɗi, in an yi sa'a.

Da dare Baba ya tambaye ni,
na'urar taki ta san sunansa?
Na ce lamba kawai take ci.
Amma akwai wani gefen layi
da na'ura ke tsallakewa, mutum ne kaɗai ke karantawa.
A nan na rubuta: Eleuterio, shekara ashirin da biyu.
Na adana, na kashe fitila.