Kunnen Baba Kalla

Bayan Kasuwar Dole, inda dutse ya tokare lungu,
nan rumfar kakana take.
Ni ce mai zuga, ni ce mai ɗebo ruwa.

Da kakin zuma yake farawa.
Ya murza, ya fafe shi kamar ƙoƙo,
ya lulluɓe da yumɓu da kashin jaki,
kwana uku a inuwa, kar ya tsage garin bushewa.

Wuta ta lashe kakin, ya bar gurbinsa.
Sai narkakken ƙarfe ya gaje shi:
tsohon kan famfo, makullin da ya rasa ƙofa,
munduwar wata da ta riga mu gidan gaskiya,
da ɗan kuza, don jan ƙarfe shi kaɗai
nauyin baki gare shi wajen amsawa.

"Tsahara, kama ta a leɓe." Na kama. Ya buga: ƙwas!
"To, rataye ta." Ya buga.
Amo ya zaga rumfa, ya leƙa tulu, ya dawo.
"Kin ji? Ba dukan ke magana ba,
jikinta ne ke rawa."

Ƙarama mai kauri, muryar yarinya.
Babba mai faɗin baki, muryar bijimi.
In ta cika tsiwa, a kankare cikinta ta sauko,
amma sannu, sannu,
abin da magagari ya ci ba ya dawowa.

Shekara hamsin masaba na cin kunnensa.
Yanzu igiyar yake ciza da sauran haƙora,
ya rufe ido, ya saurara da muƙamuƙi,
sannan ya dubi fuskata, ya ga ko ina yamutsawa.

Ran Alhamis Agali ya zo daga Tanut.
Ta wuyan taguwarsa ta faɗi a daji,
garke ya ƙi bin sabuwa.
Ya sunkuyo, ya yi mini amon da hanci,
na ɗauke shi kamar ƙwai a tafin hannu,
ko gaisuwa ban yi ba, kar ya fashe wajen ɗagawa.

Kankara ɗaya. Na girgiza kai.
Biyu. Bakwai. La'asar ta yi.
Ya ɗaga magagari zai ƙara,
na riƙe masa hannu.

Bai ce komai ba. Ya ajiye.
A waje, taguwar da ke durƙushe tun hantsi
ta daina tuƙa,
ta miƙo dogon wuyanta tana waiwayowa.