Numfashi Uku

Ni ne yaron da ke riƙe masa fallen kwano
don rana ta faɗa fuskar 'yan wasa.
Har yau idona na hagu yana ruwa.

Arzika Tunau na Ƙauran Namoda,
inda layin dogo ya gaji ya tsaya.
Akawun awon gyaɗa ne da fari,
sai aka kama shi da wasa a bayan rasit:
buhu ya kai ƙarar sikeli gaban alƙali.
Manaja ya karanta, ya yi dariya har ya ƙware,
ya share hawaye, ya sallame shi.

Shekara shida yana yaga tikiti a siliman Gusau,
bai cika duban bango ba, mutane yake kallo:
wa ke fara dariya, wa ke jiran maƙwabcinsa.
Ya ƙirga tsakanin faɗuwar mutum da shewar jama'a.
"Numfashi uku na," in ji shi,
"in ta kai huɗu, ta huce."

Kyamarar ta Labbo mai ɗaukar biki ce,
mu karɓa Litinin, mu mayar kafin Juma'a.
Barmo mahauci shi ne likita,
da rigar da aka ɗinka da buhun fulawa.
Ige mai ƙosai ba ta karatu,
sai ya raɗa mata magana, ta sauya ta,
ya ciji yatsa, ya goge tasa, ya rubuta tata.

Kaset ɗin farko a kan sunan ɗan wani aka ɗora shi.
Ana tsakiyar duba maras lafiya
sai ga rago ya leƙo, ya yi kuka, ya ɓace.
Nan gari ya fi dariya.
Bai taɓa cewa kuskure ba ne.

Akwai ranar da muke son jirgi.
Kwana uku a tasha, da tabarmi, da akwatin aro,
jirgi bai zo ba.
Ya ce, "Kunna. Mu ɗauki jiran."
Mutum bakwai suna gardamar kujera
a jirgin da babu shi.
Wannan ya kai Talata Mafara, ya kai Anka,
ya dawo mana a kwalin wasu
da hoton Barmo, ba sunan Arzika.
Ya saya da kuɗinsa. Ya ce hoton ya yi kyau.

Daga baya yara suka zo da kyamara mai kyau,
suna gaishe shi, ba sa tambayarsa komai.
Damina ta shiga kwalin kaset.
Ya koma ƙofar gidan waya
yana rubuta wa mutane wasiƙa,
an ce har takardar neman bashi
sai mai karɓa ya murmusa.

Ranar da muka kai shi, an yi yayyafi.
Barmo, tsoho yanzu, yana gaban makara,
santsi ya ɗebe shi, ya zauna daɓas,
hularsa ta gangara, ta tsaya gaban liman.

Ban yi niyya ba, na ƙirga.
Ɗaya.
Biyu.
Uku.
Kowa ya sunkuyar da kai,
kafaɗu suna rawa.
Liman ya yi tari, ya miƙa hular.