Fil Ɗin da Ya Ƙi Fita

Motar Cika ta shigo gareji da hantsi,
tana warin albasar Wurno da ƙaurin ƙarfe.
Ya ce, "Tun Acida take jan hannun hagu,
awa akuyad da tah hangi dussa."
Na taɓa gammon taya, na yarfe hannu.
Sai ka gasa masara bisansa.

Na sa jak, na kwance taya, na leƙa.
Fil biyu ke riƙe da kalifa.
Na sama ya zame kamar an kira shi.
Na ƙasa ya ce ba shi ba fita.
Na ba shi sifana mai lamba sha bakwai,
na danna da ƙafa har wandona ya yage,
ko gezau.
Tsatsa ta ɗaura musu aure shi da raminsa.

Na rarumi babbar guduma.
Baba Ladan, daga bencinsa gindin dogonyaro,
bai ɗaga kai daga kofin shayinsa ba:
"Aje ta, Mode.
In ka karya kai nai, mi za ka kamawa?
Abin da yas shekara yana shiga,
ba ya hita don kana sauri."

Na tsiyaya mai a wuyan fil ɗin,
na bar shi ya sha.
Muka yi azahar, muka ci tuwon Inno,
rana ta sauko kan rufin kwano ta zauna.
Na koma, na ƙwanƙwasa gefen ramin a hankali
kamar mai sallama gidan surukai.
Sannan wuta, kaɗan,
a jikin mariƙin, ba a kan fil ba,
don gidan ya buɗe, baƙon ya sami hanya.

Na damƙe shi da filaya.
Dama kaɗan. Hagu kaɗan. Dama.
Ya yi ƙara irin ta tsohon ƙyaure.
Jan ruwa ya biyo bayansa yana ɗiga,
har ya fito, baƙi, duk ƙuraje,
kamar rogon da aka manta cikin toka.

A nan na ga robar.
'Yar robar da ke rufe bakin ramin,
da tsaga a gefenta, tsawon farce.
Na san tsagar nan.
Bakin sukundireba na ne, bara, gab da damina,
ranar da nake saurin zuwa kallon ƙwallo.
Na gan ta, na juya ta ƙasa, na ɗaure.
Ta nan ruwan fadama ya yi ta shiga,
kowace tsallaka da cokalinsa,
wata goma sha ɗaya,
mutum shida a mota da buhu takwas.

Ban ce komai ba.
Na naɗe samfefa a jikin waya,
na goge ramin har ya daina zubar da ja.
Na wanke, na busar.
Fil ɗin ya ci, ba ya gyaruwa.
Na hau keke zuwa Sahara,
na sayo sabo da sabuwar roba, da kuɗin aljihuna.
Na shafa farin giris, siriri,
ban da baƙin, shi kumbura roba yake.
Na tura da yatsa ɗaya: ya shiga, ya dawo.

Cika ya taka birki sau biyar kafin ya tayar.
Ya zaga ta Gidan Man Ada, ya komo yana dariya,
ya bar mana albasa rabin kwano.

Da yamma Baba Ladan ya tsinci tsohuwar robar.
Ya ɗaga ta saitin haske,
ya dube ta, ya dube ni,
ya sa ta cikin aljihun rigata ta aiki.
Tana nan har yau.
In na sa hannu neman canji, ita nake fara taɓawa.