Kumfar Sabulu

Modi ya sauko yana dafe da goshi.
Ya ce tun daga saman Goronyo
barci ke jansa kamar wanda ya ƙoshi da fura,
ruwan madatsa ya rabu biyu a idonsa,
sai da ya buɗe 'yar taga ya sha iska
kafin ya gane hanyar gida.

Ban ce masa zazzaɓi ba ne.
Na leƙa 'yar takardar da muka manna a gabansa:
ɗigon da ke ruwan ƙasa jiya
yau ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Na jira injin ya huce.
A bazarar Sakkwato ƙarfe ba ya hucewa,
fushi kawai yake ragewa.
Na kwance murfi, na tara notuna a gwangwanin madara
kada ɗaya ya ɓace.
Ga shi nan, bayan silinda ta uku,
zanen toka fari-fari,
irin sawun da hawaye ke bari a kuncin yaro.

Na toshe bakin salansa, na hura mata iska,
na bi kowace gaɓa da ruwan sabulu.
Shiru.
Shiru.
Sai kumfa ta tashi, ɗaya tak,
ta kira 'yan'uwanta.
Tsaga ce, ba ta kai tsawon farcena ba.
Da alli na zagaye ta.
Fensir ba ya taɓa wannan ƙarfe:
baƙinsa kan shige jiki in wuta ta kama,
ya haifi wata tsagar.

Alhaji Labbo ya iso bayan la'asar,
warin albasar da ta sayi jirgin na biye da rigarsa.
Ya sunkuya, ya ƙanƙance ido.
"Wagga 'yar aba, Sahabi? Wagga?
Kai ta kasuwa, yaro shi ɗiga mata walda,
gobe ina da ciniki Kano."

Na ce, Alhaji, hayaƙin da ke kisa
ba shi da wari, ba shi da launi,
ba ya sallama in zai shiga.
Mota in ta gaji ta nemi gindin darbejiya.
Sama ba ta da gefen titi.

Ya tambayi kuɗin sabuwa. Na faɗa.
Ya tambayi kwana nawa. Mako shida, daga ƙetare.
Ya cire hula, ya duba cikinta
kamar amsar na ɓoye a can,
ya mayar, ya tafi bai ce komai ba.
Da dare wayata ta yi ƙara: kuɗi sun shigo.

Ubana garma ya ƙera a Maƙerar Assada.
Shi ya koya mini cewa ƙarfen da ya daɗe yana shan wuta
yana da ranar da zai ce ya isa,
kuma a hankali yake faɗa, sai mai kunne.

Mako shida jirgin na kwance cikin rumfa,
tattabaru na yi masa ado a fiffike.
Ranar da akwatin ya zo
na ɗaura, na auna ƙarfin kowane noti,
na sake kaɗa sabulu.
Ruwa ya kwanta lumus. Ko ido ɗaya bai buɗe ba.
Na rubuta sunana a littafi,
hannuna ya fi nauyi a nan fiye da kan sifana.

Modi ya tashi da hantsi, ya karkata ta kan Rima.
Na tsaya har kunnena ya rasa shi.

Sannan na hau babur ɗina
mai salansa ɗaure da waya,
yana tari, yana ruri, har Mabera.
Maƙwabta na dariya: makanikin jirgi ke nan!
Na ce su bari.
Wannan in ta fashe, ƙasa na kusa.