Dubu Ɗari Bakwai da 'Yan Kai

Mitarta ta daina juyawa tun shekarar da aka yaye Tadeo,
sai na sayi littafi mai shuɗin bango
ina rubuta nisan da hannuna.
Na haɗa lissafi a teburin girki:
kilomita dubu ɗari bakwai da 'yan kai,
duk a kan tsakuwar Patagoniya,
inda iska ke fizge ƙofa daga hannun mutum.
Haka littafin ya faɗa mini jiya.

Ni Nelida, likitar dabbobi.
Makiyaya ba su san muryata daga nesa ba,
tarin a-kori-kurata suka sani.
Karnukansu ma sun bar yi mata haushi.
Ta ɗauki ulu, ta ɗauki gishiri,
ta taɓa ɗaukar amarya da takalminta a hannu,
ta kwana da ni a dusar ƙanƙara
muna ɗumama ɗan tunkiya.

Tadeo ya zo daga birni da takarda mai ƙyalli.
Ya ce, "Mama, sabo turken wawa.
Dubi wannan: kujera mai ɗumi,
tana magana, tana ganin bayanta,
wata sittin kacal ki gama biya."

Na ce, wata sittin.
Tumaki nawa ke nan, ɗana?
Fari nawa za a yi a tsakani?
Kuma in ta mutu mini a Kwarin Jiminai,
inda ko waya ba ta kamawa,
wa zai kawo na'urar da ke jin yarenta?
Tawa, in ta yi fushi, na san inda ke mata ciwo.
Na ɗaure salansarta da wayar shinge,
na toshe lagireto da garin barkono,
mun iso gida lafiya.

Ya yi shiru. Sannan ya ce, "Goɗiyar fa?"

Ai kuwa. Goɗiyar.
Watan Yuli, tsakiyar sanyi, ƙarfe biyun dare,
Casimiro ya kira yana haki:
ɗan ya juye a ciki, ƙafa ɗaya ce ta fito.
Fambel ya tsinke mini bayan gada.
Awa uku ina fama, tocila a baki, yatsu sun ƙage.
Da na isa, ya riga ya lulluɓe ta da bargonsa.
Bai zarge ni ba. Ya ba ni shayi.
Gara ma a ce ya zage ni,
da shirun nan da ya bi ni har gida.
Wannan ba ya cikin shuɗin littafi,
yana rubuce a zuciya.

Na kai ta wurin Evaristo bakanike,
wanda ya san cikinta fiye da aljihunsa.
Ya kwanta ƙarƙashinta, ya daɗe,
ya fito yana goge hannu da tsumma.
Ya ce, "Injin zai binne mu duka.
Tsatsa ce ke cin ƙashin bayanta.
Da tsohuwar zuma ake magani, na sani,
amma tulun ya fara yoyo, Nelida.
Shekara biyu. Uku in kin bi ta a hankali.
Ni ma idona ya soma gajiya."

Ban taɓa tunanin wannan ba:
ashe ba ita kaɗai ke tsufa ba,
har da hannun da ke gyara ta,
har da bayan da ke shan jijjigar hanya.

Takardar Tadeo tana nan gaban sitiyari.
Ban jefar ba, ban sa hannu ba.
Na yage kusurwa ɗaya da asuba
na goge sandar awon baƙin mai.
Lambar wayar dillalin tana ɗaya kusurwar,
ita na bari.

An kira ni daga gonar Casimiro, raguna na tari.
Na sa sabon fambel biyu ƙarƙashin kujera.
Na murza makulli. Ta yi tari, ta yi shiru.
Na sake murzawa,
tafina a kan bonet ɗin zuciyarta,
na ce, tashi mana, tsohuwa,
yau dai kam akwai tafiya.