Gwanjo a Kasuwar Barci

Wata takwas da kwana tara.
Ramlatu na gaba, dafe da ƙugu,
ina biye da albashin da bai kwana ba.

Ɗanliti ya kakkaɓe keken jariri:
"Daga Jamus, ko tsatsa babu."
Na tura taku uku, sumul.
Sai na tuna layinmu a Rigasa
in ruwan Agusta ya sauka,
ko akuya sai ta zaɓi wurin taka.

Ga kujerar mota, ɗamara biyar.
Na shafa, na tambayi kuɗi.
Ramlatu ta raɗa min, "Wace motar?"
Babur ɗina na waje yana ɗigar mai.

A kan gadon katako muka tsaya.
Na jijjiga shi, na auna tsakanin sanduna da yatsu,
kada kan da ban gani ba tukuna ya maƙale.
Ta sansana katifar, ta ce a sake.

A bakin ƙofa ta sayi majanyi biyu,
ko tayi ba ta yi ba.

Na ɗauko gadon a ka har titi.
Fanko ne, amma ina takawa sannu
kamar wani na barci a ciki.