Amanar Tae-gyun

Ranar da Tae-gyun zai tafi aikin soja
bai bar mini hoto ba, bai bar wasiƙa ba.
Na'urar wasa ya ajiye kusa da tukunyar shinkafa,
ya ce, "Umma, ki riƙa ba Pado abinci.
In ya kwana uku da yunwa, dusashewa yake yi."

Ni Ok-ryeon, shekara talatin da ɗaya ina feɗe kifi
a kasuwar bakin teku ta Busan.
Yatsuna sun san wuƙa, sun san ƙanƙara da gishiri,
madanni ne baƙonsu.
Daren farko sau tara na jefa ɗan mutumin nan a rami.

Pado ɗan aljani ne, bai kai dunƙulen hannu ba,
shuɗi, kunne ɗaya a karye.
Raɓa yake sha daga ganyen gora,
sai an tsinto kafin ranar can ta fito,
ranar can kuwa ba ruwanta da agogon kasuwa.
Ƙarfe uku na dare, kafin jiragen kamun kifi su iso,
ga ni tsugune a gaban gilashi
ina yi wa abin da ba ya numfashi hidima.
Da uwata na raye da ta ce na taɓu.

Cikin wata na huɗu na ɓata hanya.
Na faɗa wata fadama, gada a karye,
wani abu yana kuka a ƙarƙashinta.
Na bi shi, ya gudu. Na sake bi, ya nutse a laka.
Seul-bi, jikar mai sayar da kaguwa, ta yi mini dariya har da riƙe ciki:
"Iya, ba a binsu.
Ki ajiye fitila, ki juya baya, ki jira."

Jira?
Wa za a koya wa jira a gidan nan?

Na juya baya. Shayina ya huce.
Can sai ga shi ya raɓo, toka-toka, yana ɗingishi,
ya kwanta a inuwar ƙafata.
Seul-bi ta ce irinsa ba ya faɗa, ba ya tsaro,
kowa sakinsa yake yi.
Na sa masa sunan kwalekwalen mijina,
wanda ya fita wata safiya da hazo
har yau teku ba ta ce komai ba.

Ran Lahadi waya takan yi ƙara.
"Umma, yaya Pado?"
Uwarka kuma fa, ɗan nema?
Gwiwarta, hawan jininta?
Sai in ji yana dariya, muryar ta yi kauri,
in gane tambayar ɗaya ce, ya dai sa mata wata riga.

Da ya zo hutu, kai a aske, wuya ya rame,
ko takalmi bai gama cirewa ba ya kunna.
Ya yi shiru.
"Me kika yi masa? Na bar mayaƙi,
na dawo na tarar da kabewa!
Ko sau ɗaya ba ki kai shi fagen daga ba?"

Ban kai shi ba.
Ɗaya ya ishe ni bayarwa.

Ya ci miyar kifi kwano biyu,
barci ya sace shi a zaune, na'urar a cinya,
Pado da gurgun suna tsalle suna jiran raɓa.
Na zare ta a hankali daga yatsunsa,
na ja bargo har haɓarsa,
na rage ƙara,
na tafi tsinto ganyen gora.